Kyamarar Hikvision DS-2CD2043G2-I: hotonta ba shi da laifi, wahalar tana wajen saita ta a kan intanet

Abu biyu mai sayen kyamarar tsaro yake tambaya kafin ya zaro kuɗi, wato ko hotonta yana fita tangaran, da kuma ko zai iya kallon shagonsa ko ƙofar gidansa ta wayar hannu daga duk inda yake. Tambaya ta farko mai shago zai amsa ta nan take, domin zai kunna kyamarar a gabanka ka gani da idonka. Ta biyun ce ba ta amsuwa a kan kanta, saboda amsarta ba a jikin kyamarar kaɗai take ba, tana rataye ne da yadda aka saita adireshinta, da irin rautar da aka jona ta da ita, da kamfanin da ke ba da intanet ɗin, da kuma hannun wanda ya riƙe kalmar sirri bayan an gama aiki. Wannan sharhi a kan tambaya ta biyu ya fi tsayawa, kuma ra'ayina tun daga farko shi ne, wannan kyamara ta cancanci kuɗinta ga wanda zai zauna ya saita ta yadda ya kamata, amma ba kaya ba ce da za a ciro daga kwali a maƙala a bango a ce an gama.

Kamfanin Hikvision, wanda aka kafa a shekarar 2001 a birnin Hangzhou na ƙasar Sin, shi ne ke ƙera ta, kuma kayansa sun cika kasuwannin kayan lantarki daga Legas har Kano da Yamai. Wannan samfurin doguwar kyamara ce ta waje mai ƙarfin megafiksel 4, tana ɗaukar hoto mai faɗin 2688 da tsayin 1520, tana gani cikin duhu har kimanin mita 40 da hasken infared, kuma jikinta yana da matakin kariya na IP67, ma'ana ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa shiga cikinta. Tana da gurbin katin memori da ke ɗaukar gigabayit 256, tana kuma da fasahar da kamfanin ya kira AcuSense, wadda ke bambanta mutum da mota daga sauran motsi, ta yadda akuya ko ledar da iska ta kwaso ba za su riƙa tayar da mai gida da tsakar dare ba. Wadda sunanta ya ƙare da I ba ta da makirfo, wadda ya ƙare da IU ce ke ɗaukar murya, kuma yana da kyau mai saye ya duba wannan a jikin kwali. A kan hoto ba ni da dogon zance, yana da kyau da rana, yana da kyau da dare gwargwadon kuɗinta.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne ba ta da wayfay ko kaɗan. Da wayar intanet ake jona ta, kuma ta wannan wayar za ta iya samun wuta idan akwai akwatin rarraba layi mai PoE, wato mai tura wuta ta cikin wayar intanet, ko kuma a ba ta wutar bolt 12 daban. Wasu za su ɗauki wannan a matsayin naƙasu, ni kuwa ina ganin shi ne babban abin da ya sa ta fi ƙananan kyamarorin wayfay dacewa da gine-ginenmu, domin katangar bulo da rufin kwano da ƙofofin ƙarfe na shaguna suna cinye siginar wayfay, ballantana a kasuwa irin Kantin Kwari inda rauta take a kusan kowane shago, kowace tana tsoma baki a zangon 'yar'uwarta. Sai dai wayar ma tana da sharuɗɗanta. Tsawonta bai kamata ya wuce mita 100 ba tsakanin kyamara da akwatin, kuma wayar da aka yi da alminiyam aka shafe da jan ƙarfe, wadda ta fi arha kuma ta fi yawa a kasuwa, tana zubar da wuta a hanya. Alamarta sananniya ce, kyamara za ta yi aiki lafiya da rana, amma da magariba ta yi fitilun infared suka kunna suka nemi ƙarin wuta, sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Mai gida sai ya zargi intanet ko saiti, alhali laifin waya ne. A sayi Cat5e ko Cat6 ta jan ƙarfe zalla, a kuma yi amfani da marufin roba da ke zuwa cikin kwali don kare mahaɗar daga ruwa.

Idan aka kunna ta karon farko ba ta yin komai sai an farkar da ita, wato sai an ƙirƙira mata kalmar sirri. A shekarun baya kyamarorin wannan kamfani suna zuwa ne da suna admin da lamba 12345, kuma dubban mutane ba su taɓa canzawa ba. Yanzu an rufe wannan hanya, dole mai saitawa ya zaɓi kalma mai haruffa 8 zuwa 16 da ta haɗa aƙalla nau'i biyu, kamar baƙaƙe da lambobi. Wannan tsari abin yabo ne, duk da cewa bai hana masu haɗa kyamara sanya kalma ɗaya tak ga duk gidajen da suka yi wa aiki a gari ba.

Daga nan ne aikin adireshi yake farawa, kuma a nan yawancin mutane suke tuntuɓe. Kyamarar tana zuwa da adireshin IP na masana'anta, 192.168.1.64. Adireshin nan kamar lambar gida ne a cikin unguwa, lambobi ukun farko su ne unguwar, ta ƙarshe ce gidan, kuma na'urorin da ba unguwa ɗaya suke ba ba sa jin kiran juna kai tsaye. To, rautocin da aka fi amfani da su a wajenmu ba duka ne ke kan 192.168.1 ba. Na kamfanin Huawei masu ɗaukar layin waya galibi suna kan 192.168.8.1, na ZTE da TP-Link da dama suna kan 192.168.0.1. Saboda haka mutum zai jona kyamara da rauta, fitilar mahaɗa tana ƙyaftawa, ya rubuta 192.168.1.64 a burauza, shafi ya ƙi buɗewa, ya ɗauka an sayar masa da matacciya. Maganin wannan shi ne ƙaramar manhajar kwamfuta ta kamfanin mai suna SADP, wadda ake saukewa kyauta. Ita tana lalubo duk kyamarar Hikvision da ke jone a rauta ɗaya da kwamfutar ko da adireshinsu bai dace ba, ta nuna ko an farkar da ita ko ba a farkar ba, ta kuma ba da damar sauya adireshin daga nan. Manhajar ba ta da ƙawa, amma tana yin abin da aka yi ta dominsa, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya fara saita wannan kyamara ba tare da ita ba. Wanda yake da kyamarori da yawa ya riƙa jona su ɗaya bayan ɗaya, domin dukkansu adireshi ɗaya suke ɗauke da shi daga masana'anta, kuma idan biyu suka haɗu a kan lamba ɗaya sai hoto ya riƙa ɓacewa yana dawowa.

Akwai zaɓi biyu wajen ba ta adireshi. Ko a kunna DHCP rauta ta ba ta duk lambar da ta ga dama, ko a rubuta mata tsayayyar lamba da hannu. Na farkon ya fi sauƙi, amma yana da illa da ta shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Duk lokacin da Nepa ta ɗauke wuta aka tayar da janareta, rauta tana sake tashi, kuma ƙananan rautoci sukan sake rabon lambobi bisa wanda ya riga zuwa. Kyamarar da take kan 192.168.8.105 jiya tana iya wayar gari a kan 192.168.8.102, rikodar da ke nemanta a tsohon adireshi, wato akwatin da ke naɗar hoton kyamarori, kuwa sai ta nuna baƙin allo, kuma ba wanda zai lura sai ranar da aka zo neman hoton wani abu da ya faru. Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce a fara kunna DHCP don kyamarar ta karɓi bayanan rauta daidai, sannan a kashe shi a tsayar da lamba wadda take wajen jerin da rautar ke rabawa, ko kuma a shiga rautar a keɓe wa kyamarar lamba ta dindindin ta amfani da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da take zuwa da ita daga masana'anta. A shafin TCP/IP na kyamarar akwai maɓallin gwaji kusa da gurbin adireshi, wanda ke faɗa ko wata na'ura ta riga ta riƙe lambar, kuma ƙaramin abu ne mai amfani sosai.

Wanda ya rubuta adireshi da hannu kada ya tsaya a layin farko. A ƙarƙashinsa akwai gurbi uku da ake yawan tsallakewa. Na farko, wanda ake kira Subnet Mask, galibi 255.255.255.0 ne a gida ko shago. Na biyu shi ne mashigar fita, wato adireshin rautar kanta, kuma idan aka bar 192.168.1.1 na masana'anta alhali rautar tana kan 192.168.8.1, kyamarar za ta yi aiki sumul a cikin gida amma ba za ta taɓa leƙa waje ba. Na uku shi ne DNS, wanda ke fassara sunayen sabobi zuwa lambobi, kuma ana iya sa adireshin rautar, ko 8.8.8.8 na Google, ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Mafi yawan koken da ake yi cewa kyamara tana nunawa a kwamfutar shago amma a waya ta ƙi, daga ɗayan gurabun nan biyu na ƙarshe yake tasowa. A nan ina ganin kamfanin ya gaza, domin shafin ba ya gaya wa mutum a fili cewa mashigar da ya rubuta ba ta amsawa, sai dai ya je wani shafin ya tarar an rubuta cewa ba ta kan layi, ya zauna yana lalube.

Idan rikoda mai ƙofofin PoE a bayanta aka saya tare da kyamarar, duk wannan wahala ta ragu, domin rikodar ce ke farkar da kyamarorin ta ba su adireshi a nata rukunin na ciki, 192.168.254, kuma ita kaɗai za a saita wa hanyar fita. Abin lura kawai shi ne kyamarar da ke bayan rikoda ba ta buɗuwa kai tsaye daga kwamfutar da ke kan rauta sai an kunna wani saiti na musamman a rikodar.

Sai babbar magana, kallo daga nesa. Tsohuwar hanya, wadda har yanzu bidiyoyin koyarwa da yawa suke nunawa, ita ce a buɗe ƙofofi a rauta. Kyamarar tana amfani da ƙofa ta 80 don shafinta na burauza, ta 443 don shafin mai kariya, ta 554 don zubo hoto ta RTSP, da ta 8000 don manhajojin kamfanin irin su iVMS-4200. Sai a tura waɗannan ƙofofi zuwa adireshin kyamara, a yi rajistar suna a wani sabis na DDNS irin No-IP, mai ɗaure suna tsayayye da adireshin rauta ko da ya canza, wanda kyamarar take da gurbinsa. Wannan hanya tana buƙatar rautarka ta mallaki adireshi na fili wanda duniya ke iya kira, kuma a nan ne take rushewa a wajenmu. Yawancinmu da layin waya muke samun intanet, na MTN ko Airtel ko Glo a Najeriya, ko takwarorinsu a Nijar, kuma kamfanonin waya a ko'ina sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshin fili guda ɗaya saboda ƙarancin adireshin IPv4, tsarin da ake kira CGNAT. Starlink ma, da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, haka yake yi a tsarinsa na gidaje. Gane wannan ba wuya, a shiga shafin rauta a duba adireshin da kamfani ya ba ta, idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ba na fili ba ne, kuma ko ƙofa nawa aka buɗe babu mai isowa daga waje. Mai haɗa kyamarar da ya karɓi kuɗi don ya yi wannan aiki a kan irin wannan layi, aikin banza ya yi.

Ko da ma a ce akwai adireshin fili, ba na ba da shawarar a buɗe ƙofofin. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai, wadda ta mamaye ɗimbin kyamarori da rikodoji na kamfanoni daban-daban da aka bari da kalmar sirrin masana'anta, ta durƙusar da kamfanin Dyn mai ba da sabis na DNS a Amurka har shafuka irin Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da yawa. Hikvision kansa yana da nasa tabon. A 2017 an gano ɓarakar da ke ba da damar tsallake kalmar sirri a wasu kyamarorinsa, a watan Satumban 2021 kuma aka bayyana wata mai lamba CVE-2021-36260, wadda aka ba maki 9.8 cikin 10 wajen haɗari, domin tana barin mahari ya karɓe kyamara gaba ɗaya ba tare da suna ko kalmar sirri ba muddin yana iya isa ga shafinta. Kamfanin ya fitar da gyara, amma gyaran ba ya shiga da kansa, sai mai kyamara ya sauke sabuwar manhajar ciki ya ɗora. Don haka cikin abubuwan farko da ya kamata a yi akwai duba ranar manhajar cikin a sabunta ta daga shafin kamfanin, sannan a shiga shafin NAT a tabbatar UPnP a kashe yake, domin shi ne ke ba kyamara damar buɗe wa kanta ƙofa a rauta ba tare da sanin mai gida ba.

Hanyar da ke aiki a layukanmu ita ce Hik-Connect, sabis ɗin kamfanin Hikvision mai manhajar waya. A nan kyamarar ce da kanta take kiran sabar kamfanin daga ciki, wayar mai gida ma ta kira sabar, sai a haɗa su, kuma tun da kiran daga ciki ya fita, CGNAT ba ya tare shi. Ana kunna shi a shafin da aka rubuta wa Platform Access, a ƙirƙiri lambar tabbatarwa, wadda ita ce kuma makullin ɓoye hoton a hanya, a jira matsayin ya nuna tana kan layi, sannan a buɗe manhajar a waya a ɗauki hoton lambar QR da ke jikin kyamarar. Idan mashiga da DNS suna daidai, aikin 'yan mintoci ne, kuma shi ne ɓangaren da ya fi kowane sauƙi a duk saitin. Sanarwar motsi tana shigowa waya, ana iya komawa baya a kalli abin da katin memori ya naɗa, kuma ba a biyan kuɗin wata don wannan kallo.

A nan akwai abin da nake so mai gida ya riƙe fiye da duk lambobin da na ambata. Kyamara ɗaya asusun Hik-Connect ɗaya kawai take ɗauruwa da shi. Al'adar masu haɗa kyamara da yawa ita ce su ɗaure ta a asusunsu, sannan su raba wa mai gida kallo, ko ma su buɗe masa asusu da lambar wayarsu. Sakamakon haka shi ne wani bare yana da ikon kallon tsakar gidanka ko teburin kuɗin shagonka duk lokacin da ya so, kuma ranar da kuka saɓa ko ya bar gari, ba za ka iya ɗaure kyamarar a naka asusun ba sai an kwance ta daga nasa. Maido da ita saitin masana'anta da maɓallin da ke kusa da gurbin memori ba ya kwance wannan ɗauri, domin a sabar kamfanin yake ba a jikin kyamarar ba. Daidai shi ne mai gida ya buɗe asusun da lambarsa ko imel ɗinsa, ya ɗaure kyamarar da hannunsa, idan ana buƙatar mai gyara ya gani a raba masa na ɗan lokaci a janye. Haka ma kalmar sirrin admin, mai gida ya canza ta bayan an gama aiki, ya cike imel ɗin maido da kalma da tambayoyin tsaro da kyamarar ke nema. Wanda ya manta kalmar ba tare da waɗannan ba, ko dai ya hau tsani ya danna maɓallin ya sake saiti daga farko, ko ya fitar da wani fayil ta SADP ya aika wa dillalin kamfani ya jira amsa.

Hik-Connect yana da farashinsa da ba na kuɗi ba, wato dogaro da sabar wani kamfani na waje. Gwamnatin Amurka ta sa Hikvision cikin jerin kamfanonin da ta taƙaita wa ciniki a watan Oktoban 2019, a Nuwamban 2022 kuma hukumar sadarwarta ta hana amincewa da sababbin kayansa, a watan nan ne ma gwamnatin Birtaniya ta umarci ma'aikatunta su daina kafa irin waɗannan kyamarori a wurare masu muhimmanci. Mai shagon atamfa ba lallai wannan ya hana shi barci ba, amma ofishi ko asibiti ko makarantar da ke riƙe da bayanan jama'a ya kamata su auna. Su hanyar da ta fi musu ita ce a bar Hik-Connect a kashe, a hana kyamarar fita waje ta rauta, a shigo ta hanyar VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kariya, irin WireGuard ko Tailscale, wanda na biyun yana ratsa CGNAT. Wannan kuwa aikin gwani ne.

Data ita ce abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Kyamarar tana fitar da hoto ta babbar kafa mai cikakken inganci da ƙaramar kafa mai sauƙin nauyi. Idan babbar tana kan megabit 4 a daƙiƙa, awa ɗaya ta kallo tana cin gigabayit 1.8, yini da kwana kuwa sama da gigabayit 43. Ƙaramar idan aka sa ta a kilobit 512, awa ɗaya kimanin megabayit 230 take ci. Kuma cin ta fuska biyu ne, rautar shago tana kashe data wajen turawa, wayar mai kallo tana kashe tata wajen karɓa. Naɗiya a kati ko a rikoda ba ta cin data ko kaɗan, kallo daga nesa ne ke ci. Saboda haka a bar babbar kafa don naɗiya, a kunna mata H.265 ko H.265+ da ke rage nauyin fayil sosai, a bar manhajar waya a kan ƙaramar kafa, sai in an ga abin da ake son tantancewa a ɗaga. Wannan ma shi ne maganin tsinkewar hoto da rana tsaka a kasuwa, domin ƙarfin turawa na layin waya ya fi na saukewa rauni, kuma shi kyamara take buƙata.

Lokaci ƙaramin saiti ne mai babban sakamako. Sau da yawa kyamarar tana zuwa a kan agogon Beijin, wanda ya riga na Najeriya da awa bakwai, kuma hoton sata mai ɗauke da lokacin da bai dace ba yana raunana hujja a gaban 'yan sanda ko alƙali. A zaɓi GMT+1 a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, GMT a Gana, a kunna NTP a rubuta pool.ntp.org don agogon ya riƙa gyara kansa bayan kowace ɗaukewar wuta. A ɓangaren hoto kuma a tabbatar tana kan 50Hz irin wutarmu, in ba haka ba hoton cikin shago yakan yi rawa a ƙarƙashin fitila. Wanda ya sa kati a kyamara alhali yana da rikodar kamfanin, ya kunna ANR, wanda ke sa kyamarar ta ci gaba da naɗiya a katin idan layinta da rikoda ya yanke, ta cike giɓin idan ya dawo. Duk wannan bai da amfani idan rauta da akwatin PoE ba sa kan inbata ko batirin sola, domin ɓarawo ma ya san lokacin da unguwa take cikin duhu.

Wajen hulɗa da kayan wasu kamfanoni, kyamarar tana da sauƙin kai amma sai an roƙe ta. ONVIF, wanda shi ne yaren da rikodar wani kamfani za ta fahimce ta da shi, a kashe yake zuwa, sai an kunna shi an kuma ƙirƙira masa mai amfani na daban, abin da ke rikita mutane da yawa domin suna zaton kalmar admin ta isa. Hoton RTSP kuwa yana buɗuwa har a manhajar VLC, adireshin yana ƙarewa da 101 don babbar kafa, 102 don ƙarama. Aika sanarwa ta Gmail yana yiwuwa ta smtp.gmail.com a ƙofa ta 465 ko 587, amma tun 2022 Google ba ya karɓar kalmar sirrin asusu ta yau da kullum daga irin waɗannan na'urori, sai an ƙirƙiri kalma ta musamman don manhaja.

Shafin saitin kansa ba ya maraba da baƙo. Babu Hausa a cikinsa, akwai Turanci da Faransanci da wasu harsuna, kuma an warwatsa abubuwan da ke da alaƙa da juna a shafuka mabambanta, adireshi a nan, lokaci a can, Hik-Connect a ƙarƙashin saitin da aka kira na ƙwararru alhali shi ne abin da kowa ke nema. Tsofaffin samfurori sun dogara da Internet Explorer, wanda Microsoft ya yi wa ritaya a watan Yunin 2022, wannan kuwa tana nuna hoto a Chrome, ko da yake wasu ayyukan suna neman a ɗora ƙarin manhaja a kwamfuta. A kula kuma da kayan da aka ƙera don kasuwar cikin Sin aka sauya musu harshe aka shigo da su da arha, domin sabunta manhajar cikinsu yana iya mayar da su Sinanci ko ya hana su aiki da Hik-Connect.

Wanda yake son kyamara ɗaya a falo don ya riƙa duba yara, ba ya da kwamfuta kuma ba ya son jan waya, wannan ba tasa ba ce. Ezviz, wanda reshen Hikvision ne na kayan gida, ko Tapo C200 na TP-Link, za su fi masa sauƙi, in dai ya tuna cewa Tapo C200 wayfay na 2.4GHz kaɗai take kamawa. Mai shago, ko sito, ko gidan mai, ko gida mai doguwar katanga da ke son kyamarar da za ta zauna a waje shekara da shekaru tana naɗiya ko akwai intanet ko babu, wannan ta dace da shi. Idan ta leƙa tsakar gidan maƙwabci daga inda aka kafa ta, akwai saitin da ke rufe wannan ɓangaren hoton da baƙin tabo, kuma ya kamata a yi shi tun ranar kafawa. Kafin a sallami mai haɗawa da cikon kuɗinsa, a kashe wayfay na wayar hannu a gwada kallo da datar layi, a kashe wutar rauta da ta kyamara a mayar a ga ko hoton ya dawo da kansa a waya da rikoda, a duba agogon da ke saman hoton, sannan a karɓi adireshin kyamarar da lambar tabbatarwa a rubuce.